Shekarar da Na Sa Babanku Ɓarar Gyaɗa

Na san abin da ake faɗa a kaina a dangin babanku. Ba yau aka fara ba, kuma ban taɓa tsayawa na wanke kaina ba, domin lokacin da maganar take da zafi jinya ta sha mini kai, da ta huce kuma na ga tayar da ita ba zai amfani kowa ba. To amma ranar sunan autar Rabi ina zaune a bayan ɗaki na ji wata yarinya, wadda ko cikinta ba a yi ba a wancan lokacin, tana raɗa wa ƙawarta cewa ai tsohuwar can ita ce ta hana mijinta abinci yana kwance ba lafiya. Sai na ce tunda labarin ya gangaro har kan jikoki, gara ku ji shi daga bakin wadda aka yi da ita. Ku ukun nan duk ba ku gida a shekarar. Babba yana karatu a Sakkwato, Rabi tana ɗakinta a Shinkafi da cikin fari, Nura yana makarantar kwana. Abin da kuka gani guntu-guntu ne na lokacin hutu, sauran kuma aka cike muku.

Ciwon ya sami babanku, Allah ya jiƙansa, bayan an gama kaka, ranar da ya dawo daga kasuwar Moriki inda yake sayen hatsi. Ya zauna zai yi alwalar la'asar buta ta suɓuce masa, ya kai hannu zai ɗauka hannun ya ƙi zuwa. Ko da na fito daga madafa na ga bakinsa ya karkace, yana kirana amma ba a gane abin da yake cewa. Maƙwabta suka taimaka aka kai shi asibiti a Gusau. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jinin nan da ya daɗe yana wasa da shi, ya sha magani yau ya bari gobe, shi ne ya kayar da shi. Allah ya taƙaita. Magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo har yana jan ta da sanda. Hannun dama ne ya zauna a jikinsa kamar na aro, yatsu a dunƙule, in ka ɗaga shi ka saki sai ya faɗi a cinya.

Kafin a sallame mu aka tura mu wurin wata ma'aikaciya mai gashin ƙashi, 'yar kudu, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba. Da ta ji cewa ni malamar Turanci ce a firamare sai ta saki jiki ta yi ta zuba, ta bar ni da aikin tafinta. Akwai kalma ɗaya da ta yi ta nanatawa, wato strengthen. Kalma ce da na daɗe ina koya wa 'yan aji shida a nan Ƙaura, ina rubuta ta a allo suna cizon harshe wajen faɗinta, ni kuwa ina musu dariya. Nakan ce musu ma'anarta ƙara ƙarfi, ko abu ya ƙara don kansa ko a ƙara masa. Nakan ba su misali da iskar da ke ƙara ƙarfi gabanin hadari, da maƙwabcin da ya ƙarfafa katangarsa kafin damina, da ziyara mai ƙarfafa zumunci. Masu harshen suna sa ta a kan jiki da gini da abota, har da hujjar da mutum ya kawo a gaban alƙali. Ban taɓa zaton wata rana za a miƙo mini ita a matsayin magani ba. Matar nan ta ce ƙwayoyin da aka ba mu tsare shi za su yi daga sake faɗuwa, amma babu ƙwayar da ke zuba ƙarfi a hannu. Aiki ne kawai ke ƙarfafa shi. A bar shi ya wanke fuskarsa, ya sa maɓallin rigarsa, ya ci abincinsa, ko da zai ɓata rabin yini yana yi. Ta ce in aka yi ta yi masa komai har watanni suka ja, yatsun za su sandare a haka, kuma daga nan ba mai iya buɗe su.

Babanku yana zaune yana kallon bakinmu. Da muka fito ya ce,

"Malama, mi tac ce ne haka da yawa?"

Na ce ta ce hannu ba ya dawowa sai an sa shi aiki. Ya ce to, Allah shi sa. A ganinsa magana ta ƙare ke nan, irin ta mutanen asibiti da ake amsa musu da to a bar ta a bakin ƙofa.

Kun san yadda muke jinya. Majinyaci shimfiɗa ake yi masa, a jera masa matasai, 'yan dubiya su shigo su fita daga safe har magariba, kowa da ɗan abin da ya riƙo. Idan ya yunƙura zai ɗauki ko da kofi ne sai mutum uku su zabura, a ce kwanta, kwanta, me ka haɗa da wahala. Gidan da aka bar majinyaci ya miƙa hannu da kansa, gidan marasa tausayi ne. Haka na taso na gani a Shinkafi, haka kuma na yi wa tsohuwata. Muna dawowa gida Gwaggonku Kulu ta iso daga Zurmi, duk da yadda hanyar take a lokacin, da kajinta a kwando da man shanu da zuma. Ita ce yayar babanku, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har ya yi furfura kuwa kallon yaro take masa. Ta karɓe jinya gaba ɗaya. Ita ke dama kunu, ita ke farfesu, ita ke yanko lomar tuwo ta dangwalo miya ta sa masa a baki. Zan faɗi gaskiya a kanta, ita ma ƙarfi take nema masa, kuma ba ta yi barcin kirki ba a watannin nan. Sai dai a saninta, da sanin kowa a unguwar, ƙarfin majinyaci ta baki yake shiga.

Da a ce hannun hagu ne ya mutu, da duk wannan labarin bai taso ba. Amma babanku ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana cin abinci da hagu ba. Limamin unguwa ya zo har ɗaki ya gaya masa cewa larura ce, babu laifi a kansa, ya saurara da ladabi ya yi godiya, aka kawo abinci ya ɗaga baki yana jiran yayarsa. Masallaci ma ya daina zuwa ko da ƙafa ta fara ɗaukarsa, don kada a miƙo masa hannu ya rasa abin miƙawa. Haka muka zauna. Kumatu suka ciko, fata ta yi sheƙi, 'yan dubiya suna cewa kai, jiki ya yi kyau, Hajiya Kulu ta iya jinya. Ni kuwa da nake wanke masa hannun nan kowace safiya na ga abin da ba su gani ba. Damtsen yana ta tsotsewa, yatsun suna ƙara nutsewa a tafi, har sai na yi da gaske kafin in buɗe su in goge gumin da ya taru a ciki. Na tuna wa Gwaggo maganar ma'aikaciyar nan sau da yawa, a hankali, yadda ake yi wa babba magana. Takan ce to Malama, bari dai ya ƙara jin ƙarfi tukuna.

Abin da ya yanke mini shawara ƙarami ne. Wata azahar na shiga ɗakinsa ɗaukar kwano na tarar yana salla a zaune, ya kai tahiya. Hannun yana kan gwiwa, shi kuwa ya zuba masa ido, yana so manunin ya tashi kamar yadda ya saba tashi tun yana yaro, yatsan ya ƙi. Sai na ga ya kawo hannun hagu a hankali ya ɗaga shi, ya riƙe har ya idar. Da ya sallame ya ga na gani. Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, tare da haushin kaina da na zauna ina kallo saboda kunyar dangin miji.

A makon nan Gwaggo ta koma Zurmi duba gidanta. Washegari da rana na kawo tuwon dawa da miyar kuka na ajiye a gabansa, na wanke masa hannun dama, na ɗora shi a bakin kwano, na ja da baya. Ya dube ni, na dube shi.

"Alhaji, daga yau kai za ka ci da kanka. In riƙe maka wuyan hannu, amma loma ba ni yanko ta."

Ya zaci wasa nake. Da ya ga ba wasa ba ne ya gwada, hannun ya ture kwanon miya ta zube masa a riga. Ya sa hagu ya tura tuwon gefe, ya juya fuska bango. Na kwashe na koma madafa na zauna ina kuka, ina jin cikinsa yana kira kamar nawa ne. Bai ci komai ba sai bayan la'asar, da na sake kawowa na riƙe masa wuyan hannu, muka kai loma kaɗan baki, rabi a gemu rabi a tabarma. To wannan ita ce hana abincin da kuka ji. Rana ba ta taɓa faɗuwa babanku bai ci bai sha ba, amma gaskiya ne ya sha yin jinkiri, gaskiya ne kuma ya rame a watan farko, kuma ya yi kwanaki ba ya amsa mini magana sai da ka.

Maganar gyaɗa kuwa, a asibiti an ba mu wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi abin wasa, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Na yi ta tunanin abin da zai matsa wanda ba zai kira wasa ba, sai idona ya faɗa kan buhun gyaɗar iri da aka kawo daga gonarsa ta wajen Sakajiki, ba a ɓare ba. Na ɗebo a faifai na kai masa inuwar dalbejiya a tsakar gida.

"Malama, ni za ki aje ma ɓarar gujiya?"

Na ce iri ne, kuma ni ina da makaranta, in bai ɓare ba bana gonar sai dai ta huta. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin magidanci yana wannan aiki ba. Na ce ai ba a taɓa ganin magidancin da ya auri malamar Turanci ya zauna lafiya ba. Ya yi dariya da bakinsa da bai gama daidaita ba, karo na farko tun da muka soma rigimar kwano. Da farko da gindin tafi yake dannewa, gyaɗa ta yi tsalle ta bar faifai, kajin Gwaggo da suka rage su bi ta da gudu. Kajin nan sun yi ƙiba a shekarar fiye da kowa a gidan.

A haka Gwaggo ta dawo ta same shi, faifai a cinya, ɓawo a gemu, tabon miya a gaban riga. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a ka, ba ta ko sauke ba.

"Mi nika gani hakanga? Ƙanena kika aje ma aikin ɗiya ƙanana, mutumen da kasuwa duka ta san shi? Bokon naki ya koya maki haka?"

Na durƙusa na gaishe ta, na fara cewa likita ce ta ce, ta katse ni ta ce likita ce ta goya shi ko ita. Na tashi na koma madafa. Da aka sauke abincin rana ta wanke hannu ta jawo kwanon gabanta kamar yadda ta saba. A rayuwata ban taɓa mayar wa matar nan magana ba, amma ranar na dafa kwanon.

"Yaya, ki yi mani duk hukuncin da kika ga dama. Amma kwanon ga ba hannun da ka shiga cikinai sai nashi."

Ba ta sake kallona ba. Ta juya wurin babanku ta ce ya zaɓa, ko ya tashi ta tafi da shi Zurmi ta yi jinyarsa kamar ɗan mutane, ko ita ta kama hanya ta bar shi da mai azabtar da shi. Ya daɗe yana kallon hannunsa, har na fidda rai. Sannan ya ce,

"Yaya, ki yi hanƙuri. Bari in gwada nata."

Ta ɗauki ƙullinta ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

Kafin wata ya ƙare labari ya zaga Zurmi da Ƙaura. Matan dangi suka daina shigowa ɗakina. Ranar sunan ɗan fari na Rabi a Shinkafi na shiga ɗakin da suke na yi sallama, aka amsa a ciki-ciki, wadda ke kusa da ni ta janye tabarmarta. Kai ma Babba ka zo daga Sakkwato ranka a ɓace, ka tsayar da ni a zaure ka faɗi abin da ka faɗa. Na yafe maka tun a ranar, domin ubanka ka gani a rame da faifai a gabansa, kuma ka yi abin da ɗa yake yi. Abin da ya fi duk wannan ci mini rai shi ne ni kaina ba ni da tabbas. Maganar mace ɗaya na riƙe, wadda na gani sau ɗaya tak, a kan abin da iyaye da kakanni suka saba. Makonni suka wuce hannun yana nan jiya i yau. Nakan dawo daga makaranta in tarar da gyaɗa 'yar kaɗan a gefen faifai, duk a farfashe, shi kuma ya yi zufa kamar wanda ya yi noma. Sau da yawa nakan ce a raina, in hannun nan bai dawo ba, na raba shi da yayarsa a banza, na kuma wahalar da shi a banza.

Babban yatsa ne ya fara motsi, can cikin bazara, sannan manuni ya biyo baya. Ranar da ya fara fasa gyaɗa tsakanin yatsu biyun nan ina shanya a igiya, na ji ya kira ni da wata murya har na tsorata na zaci faɗuwa ya yi. Na zo na tarar da shi yana nuna mini ƙwaya biyu a tafin hannunsa, lafiyayyu, ba su fashe ba. Na ce ya ci abinsa. Ya ce wa ya taɓa cin iri, ya zuba su a aljihu. Daga nan sai ya zama shi ke tambayar faifai tun kafin in gama shara. Kada in ƙara gishiri, ko da ruwan farko ya sauka bai kai rabin buhu ba, sauran matan maƙwabta na ba suka ƙarasa. Amma ya sa aka ware wadda ya ɓare da hannunsa aka shuka ta a gefe guda, ya kuma sa aka kai shi a mota ya ga ta tsiro.

Hannun bai koma yadda yake ba. Ƙananan yatsu biyu sun zauna a lanƙwashe har ƙarshen rayuwarsa, kun san su, bai kuma sake ɗaga buhu ba. Amma ya ci tuwonsa da kansa, ya sa maɓallinsa, ya koma masallaci yana miƙa wa mutane hannu da yatsu ukun da suka amsa. Ni kuma na ci gaba da koya wa 'yan aji shida kalmar nan har na yi ritaya, da misalan iska da katanga da zumunci, sai dai na ƙara musu ɗaya, na hannun da ke ƙara ƙarfi in an bar shi ya yi aikinsa. Suna rubutawa a littafi su wuce, ba su san daga inda na samo shi ba.

Gwaggonku ba ta yanke zumunci da ƙanenta ba, ni ta yanke wa. Shekaru masu yawa takan zo ta tsaya a ɗakinsa, su gaisa su yi hira, in aika mata abinci ta ba yaran maƙwabta. Ta gan shi yana ci da hannunsa, ba ta taɓa cewa uffan a kai ba. Ba na so ɗayanku ya riƙe ta da wannan. Ta ga an hana ta yi wa ɗan da ta goya abin da ta iya, kuma a gabana ya zaɓi maganata, wannan kuwa ba ƙaramin ciwo ba ne.

Ciwon ajalinsa kun halarta, ba sai na ba ku labari ba, amma akwai abin da ban san ko kun lura da shi ba. Da hantsin nan Gwaggo tana zaune wajen kansa, ni ina wajen ƙafafu, kai Babba kana laƙƙana masa kalmar shahada. Murya ta riga ta tafi, leɓe ne kawai ke motsi. Sai hannun daman nan da ke kan bargo ya motsa, manunin ya miƙe shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, ya tsaya a haka har Allah ya karɓi abinsa. Na ɗago kai na ga Gwaggo ba fuskarsa take kallo ba.

Ina cikin takaba, bayan jama'a sun watse, wata safiya na ji sallama a ƙofar ɗakina. Ita ce, da ƙwaryar fura a hannu. Rabonta da ɗakin nan tun ranar kwanon tuwo. Ta ajiye furar, ta zauna a bakin tabarmata. Da za ta tashi ta dafa gwiwata ta ce,

"Na ga yatsan nan, Malama."

Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Na jawo ƙwaryar na dama furar, muka sha da ludayi ɗaya.